Yoyo a Tsibirin Frøya

Kwana goma sha tara, ba ƙari ba ragi,
injin ciyar da kifi yakan suma.
Eilif ya kira ni ƙarfe huɗun asuba:
"Torunn, ya sake. Kifi dubu ɗari biyu
sun wage baki a keji, babu ko ƙwaya."
Na ja rigar sanyi, na bi kwalekwale cikin duhu,
don a nan, watan Disamba,
rana leƙe take yi, ba ta zama.

Ni na gina manhajar nan da harshen C,
shekara tara ke nan, tubali bisa tubali.
Duk ɗakin da na ara a ƙwaƙwalwar na'ura
da hannuna nake mayar da makulli.
Sai Eilif ya ce ya gaji da jirana
duk sanda teku ta yi sanyi, cin kifi ya ragu;
yana so ya riƙa rubuta dokar ciyarwa da kansa.
Na ɗauko tafinta, ɗan baƙo mai suna Lua,
na ba shi masauki a tsakar gidana.

Da mai shararsa ya zo.
Yakan zagaya, ya duba kowane kaya:
wanda ba mai riƙe da shi, ya kwashe,
wanda ke da mai shi, ya tsallake.
Na ce madalla, na jingine tsintsiya.

To ta ina ruwan ke zurarewa?
Da ambaliya ce, da tuni na gani.
Ɗigo ne. Baiti arba'in da takwas
duk sanda aka auna zafin ruwa,
kuma sau goma ake aunawa a daƙiƙa.
Layin da ke kan allo yana hawa
kamar mai hawan bene da buhu a ka,
har ranar da ba sauran wurin aje ƙafa.

Dare uku ina tuhumar baƙo.
Na zazzage aljihunsa, na ƙirga kayansa,
na tilasta wa mai shara ya yi zagaye biyu.
Ya dawo da kwando wayam.
Kofi ya huce, igiyar ruwa na dukan ƙarfe,
na fara rubuta wasiƙar ƙorafi ga waɗanda suka ƙera shi.

Laifi tudu ne.
A layi na ɗari shida da sha biyu na sauko daga nawa.

Ashe duk awo sai in ce masa, "Riƙe min wannan."
Ya rubuta a rajista, ya miƙo min lamba.
In karɓa, in yi abin gabana, in yar da lambar,
ban taɓa komawa na ce "saki" ba.
Mai shara ya zo, ya ga sunana a jiki,
ya sunkuyar da kai, ya wuce.
Miliyan sha shida na ajiya, duk da sunana.
Ba sata ya yi ba.
Amana ya riƙe har ta kashe gidan.

Layi ɗaya na ƙara. Kalma uku, ko huɗu.
Eilif ya leƙo ta kafaɗata, yana warin gishiri:
"Wannan ne ya ci mana hunturu biyu?"
Na ce shi ne.

A hanyar komawa na tuna akwatuna bakwai
a ɗakin ƙasa na yayata Oddveig,
tun rasuwar babanmu: komarsa, takalman roba, rediyo.
"Riƙe min," na ce, "zan dawo."
Ba ta taɓa tambaya ba. Kewaye su take yi
in za ta ɗauko dankali.

Kwana na ashirin waya ba ta yi ƙara ba.
Duk da haka na farka ƙarfe huɗu,
na zauna bakin gado, ina jiran gari ya waye
in kira ta.